Sun Ce Za Su Bar Mana Turba

Ni dai har gobe in na ji mai magana a rediyo ya ce "turbar masu tafiya da ƙafa", sai in ji raina ya ɓaci. Wace turba? Wannan dakalin simintin da ake shimfiɗawa a gefen titi, shi ne turba? In sun rasa sunan da za su ba shi, su bar shi da sunansa na Faransanci, tirotuwar, ba wanda zai kai su ƙara. Amma su sakar mana kalmarmu. Na san za a ce matar nan ta cika mita a kan abin da bai kai ya kawo ba, kalma ce fa kawai. To kalmar ce ta raba mahaifiyata da yayarta, suna raye, suna unguwa ɗaya, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

A Damagaram ɗin da na tashi, ba kowace hanya ake ce wa turba ba. Akwai gwadabe, mai faɗi, wanda amalanke ke bi. Akwai burtali, na shanu, mai shinge dama da hagu. Akwai lungu, tsakanin katangu, irin na Birni da Zango da baƙo ke shiga ya yi ta zagaye yana dawowa ƙofar gida ɗaya. Turba daban take. Ba a gina ta, ba a share ta, ba wanda zai ce maka ranar kaza aka buɗe ta. Ƙafa ce ke yin ta. Wani ya ratsa yau don yana da wurin zuwa, gobe ya sake ratsawa, wata ta ga sawunsa ta bi, har ciyawa ta gaji ta daina tsirowa a wurin. Saboda haka ba a taɓa samun turbar banza. Duk inda ka gan ta, akwai wanda ke a wannan bakin yana da bukatar wanda ke a wancan bakin.

Kuma tana da ladabinta, wanda ba a lakwal, wato makarantar boko, ake koyar da shi ba. In ka yi kiciɓis da mai kaya a ka, kai za ka ratse gefe ka ba ta wuri. In ka ga ƙaya ka kawar, don na bayanka wataƙila ba takalmi. Ba ka miƙa hannu ka karya zangarniyar gero ko da tana shafar fuskarka. Da damina, in gero ya fi tsayin mutum, kana zuwa kwana sai ka yi gyaran murya don kada ka firgita mai tahowa. Shi kansa mai gona, in ya zo shuka, yana isowa bakinta zai ɗaga sungumi ya tsallake, ya ci gaba a ɗaya gefen. Gonarsa ce, amma ya san wannan 'yar siririyar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Faɗinta na mutum ɗaya ne, don haka hirar kan turba ta bayan kafaɗa ce, na gaba na magana, na baya na amsawa, ba mai ganin idon wani. Maganganun da Inna, mahaifiyata, ta kasa gaya mini a ɗaki saboda kunya, a kan turba ta gaya mini su, tana gaba ina biye. A nan na ji abin da ya kamata 'ya mace ta sani lokacin da na fara girma, a nan kuma ta wanke ni tas ranar da ta ji na yi wa wata tsohuwa rashin kunya a bakin famfo. Ban ga fuskarta ba ranar, ƙeyarta kawai na gani, amma faɗan ya shige ni.

Tamu turbar a gefen gari take, ta kudu, wajen hanyar da ke fita garin Dogo. Inna da yayarta 'yan gidan Barebari ne na cikin Birni, aure ya kawo su nan su biyu, lokacin unguwar ba ta fi gidajen da za ka ƙirga da yatsu ba. Gidanmu na gabas, na yayarta na yamma, tsakaninsu gonar geron wani dattijo. Daga ƙofar bayan gidanmu turbar take tashi, ta bi ta gindin wani gawo, ta kewaye wani ƙaton dutse irin waɗanda Allah ya watsa a garin nan, ta mutu a ƙofar bayan gidan yayar. In aka zuba kunu a gidanmu, da tururinsa yake isa can. Mutane da yawa sun bi ta daga baya, masu zuwa ɗiban ruwa da masu zuwa garka, amma kowa a unguwar ya san ƙafafun 'yan'uwan nan biyu ne suka fara ta.

Yaya muke ce mata, mu duka, har da mahaifinmu, don haka muka ji Inna na kiranta. Doguwa ce, mai kaifin harshe, gwanar haɗa turaren wuta. Matan unguwa in za su aurar da 'ya, wurinta suke zuwa, ta haɗa musu turaren, ta haɗa musu da baƙar magana kyauta. Ni kam ba ta taɓa raga mini ba. In ta hango ni a kan turba sai ta ce, "Ga wadda bakinta ke riga ta isowa." Ni ma ban bar ta ba, nakan ce ai gado na yi, kuma ba wurin Inna na gada ba. Inna ita ce auta a ɗakinsu, mai shiru, mai haƙurin da wani lokaci har haushi yake ba ni. Yaya ce ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har suka yi furfura ba ta daina yi mata kallon yarinyar da ba ta iya ɗaura zane ba.

Bayan mijin Yaya ya rasu ne ruɗin tsufa ya fara shigarta. Da farko gishiri take mantawa a miya, sai ta koma manta ko ta yi salla, daga nan ta fara manta mutane. Ta manta ɗanta da ke gidan tare da ita. Ta manta matarsa, baiwar Allah mai haƙuri da ke yi mata wanki da wanka. Ni ma ta manta ni, ranar da na shiga ta ce mini "sannu, 'yan mata" cikin ladabi, sai da na fita zaure na yi kuka, don da ta zage ni ya fi mini daɗi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne abinci. Ta kafe a kan ita ba ta cin abincin hannun wanda ba ta sani ba. Surukarta ta kawo tuwo, ta ture. Ɗanta ya kawo fura, ta rufe baki ta kau da kai. Mutum ɗaya tal ya rage mata a duniya, Inna.

Kullum da hantsi za a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakinta, ta zauna tana fuskantar ƙofar baya, wadda ake barinta a buɗe. Daga nan tana hango gawon. Inna kuwa tun daga gindin gawon take ɗaga murya, kwanon kunu a hannu.

"Yaya, kin tashi?"

Sai ka ga tsohuwa ta gyara zama, fuskarta ta washe. "Auta, sai yanzu? Rana ta take, ke kina can kina barcin asara."

Ta sha kunun tas, tana sha tana kushe shi, wai tsamiyar ta yi yawa. Da la'asar Inna ta sake komawa da tuwo. Haka suka yi shekaru, damina da rani, Inna da ciwon gwiwarta tana ɗingisawa. Mun taɓa gwada dawo da Yaya gidanmu don a hutar da ƙafar Inna. Wuni ta yi tana kuka tana neman ɗakinta, wai an sace ta, kafin magariba muka mayar da ita. Ita ma Inna ba ta da halin tarewa can, ga mahaifinmu da nasa jikin. Turbar ce ta sa abin ya yiwu, kuma mu a lokacin mun ɗauka fuskar Inna ce Yaya ke ganewa.

Sai dattijo mai gona ya rasu. Magadansa suna birane, ba mai sha'awar noma, suka sayar wa wasu masu sayen gonaki suna yankawa filaye. Ban ga laifinsu ba, gari na girma, mu ma gidanmu ai a gonar wani aka gina shi. Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, maza a gaba, mu mata a baya a kan tabarmi. Wanda masu filin suka aiko saurayi ne tsaf-tsaf, da taswira a naɗe a hammata, Hausarsa ta Damagaram ce sak, ba ta baƙo ba. Ya yi bayanin loti, wato yadda za a yanka filayen, inda za a fitar da titi, inda za a bar filin masallaci, inda za a ja ruwan famfo. Maza suna ta gyaɗa kai. Inna, wadda ba ta taɓa buɗe baki a gaban maza ba, ta dinga zungurina da gwiwar hannu.

"Tambaye shi turbar," ta ce mini a hankali.

Na miƙe. "Malam, muna da tambaya. Turbar fa?"

"Wace turba, Hajiya?"

"Turbar da muke bi da ƙafa. Tsofaffinmu ita suke bi."

Ya yi murmushi, ya buga taswirar a tafin hannunsa. "Haba, Hajiya, ai wannan ba a manta da ita ba. Turbar masu tafiya da ƙafa tana cikin tsari. Ba ma ta ƙasa za a bar muku ba, ta siminti za a yi. Ba taɓo, ba ƙaya, mota ba ta hawa, babur ba ya hawa. Tsofaffi su yi tafiyarsu hankali kwance."

Wuri ya ɗauki madalla. Mai unguwa ya ce to kun ji. Inna ta ɗaga hannu biyu ta yi ta sa masa albarka, Allah ya raya shi, Allah ya ba shi masu yi masa. Duk wanda ke zaune a wurin nan, mace da namiji, abu ɗaya ya ji: turbarmu, wadda muka sani, za a shafa mata siminti. A bakinmu kalmar ba ta da wata ma'ana ta biyu da za mu yi zargi. Da muna komawa gida, tana gaba ina baya, Inna har dariya take yi, wai ita tsoronta kada simintin ya yi santsi da damina, kuma a gaya musu su bi saiwar gawon a hankali. Washegari ta ba Yaya labari, Yaya ta ce Auta ta zama matar gwamna, za ta dinga zuwa a kan siminti.

Bayan an cire amfanin gona aka zo aka kafa duwatsun siminti masu lamba. Aka sare gawon, wai ya faɗa tsakiyar filin wani. Inna ta yi jimami, amma ta ce ba komai tunda turbar na nan. Sai wani alhaji ɗan kasuwa ya saye filayen tsakiya gaba ɗaya, ya ce a kewaye masa su da katanga guda. Manyan motoci suka yi ta sauke bulo. Magina suka haƙa ramin tushe ya ratsa turbar, Inna ta dinga tsallakewa. Suka ɗora layin farko, ta ɗaga ƙafa ta haye. Suka ɗora na biyu, su da kansu suke karɓar mata kwanon su riƙe mata hannu. Kullum sai ta tambaye su, "'Ya'yana, ta ina za ku bar turbar?" Su ce su aiki aka ba su, a tambayi mai wuri. Wata safiya ta fita da kununta ta tarar da katanga ta kai mata ƙirji. A can gefen Yaya kuwa, an manna ginin da bangon gidan, har in ka tura ƙofar baya sai ta bugi bulo.

Na ce ina simintin da aka yi mana alkawari? Aka nuna mini shi. Can gefen sabon titin da ya kewaye unguwar, an zuba wani dogon dakali dama da hagu. Wai ita ce turbar.

Ni na raka Inna ranar farko da ta bi ta nan, kuma ba zan manta ba. Sai ka fita ta ƙofar gaba, ka yi arewa har ka isa titi, ka bi shi yamma, ka sake karyowa kudu, tafiyar da ta ninka ta da ban san sau nawa ba. Dakalin ya yi wa mai ciwon gwiwa tsawo, sai da na tallafe ta ta hau. Ba mu yi nisa ba muka tarar mai walda ya baje ƙarafansa a kai yana ta watsa wuta. Muka sauka. Muka sake hawa, ga mai shayi da bencinsa da masu zaman kashe wando sun miƙe ƙafafu. Gaba kaɗan 'yan kabu-kabu sun jera baburansu a kai don inuwa, gaba da su tulin yashin wani mai gini, gaba da shi rami, an ɗauke murfin kwata. Abin da aka ce an yi don masu ƙafa, kowa ya samu wuri a kansa in ban da mai ƙafa. Ƙarshenta a kan kwalta muka yi tafiyar, babura na yi mana ihu ta baya. Wani ya gogi hannun Inna, rabin kunun ya zube mata a zane, ya juyo yana cewa, "Tsohuwa, ba ki gani ne?" Na bi shi da abin da ya sawwaƙa daga bakina, amma ya riga ya yi nisa.

Muka isa rana ta yi tsaka, kunu ya huce ya yi fata. Muka shiga ta zaure, muka yi sallama. Yaya na zaune a tabarmarta, ta ba mu baya, tana kallon ƙofar da ba ta buɗuwa. Inna ta zagayo gabanta ta durƙusa.

"Yaya, kin tashi?"

Yaya ta dube ta sama da ƙasa, ta gyara mayafi. "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga ina?"

"Ni ce, Yaya. Auta ce."

"A'a," in ji Yaya, cikin ladabin nan da take yi wa baƙi. "Auta ba ta zaure take shigowa ba. Tana nan tafe. Zauna ki jira ta, yanzu za ki ji muryarta."

A nan muka gane. Ashe fuskar Inna ta daɗe da ɓace mata tare da sauran fuskoki. Abin da ya rage mata shi ne mace ta ɓullo daga gindin gawo, muryarta na matsowa, ta shigo ta ƙofar baya. Wadda ta zo ta nan ita ce ƙanwarta. Wadda ta shigo ta zaure baƙuwa ce, ko da ciki ɗaya suka fito. Ranar cokali biyu ta sha, shi ma don kada baƙuwa ta ji kunya, ta ce sauran a ajiye, ita sai Auta ta zo.

Washegari na yafa mayafi na nufi biro, wato ofishin masu filin, raina a ɓace ƙwarai. Na samu saurayin nan a bayan tebur, fanka na kaɗa masa. Ya gane ni, har da tashi ya ba ni kujera. Na ce ba zama ya kawo ni ba.

"Ka ce za a bar mana turba. A gaban mai unguwa ka faɗa, uwata ta sa maka albarka."

"Kuma na cika, Hajiya. Ba ki ga tirotuwar ɗin ba? Gefe biyu ma muka yi, wasu unguwannin ko ɗaya ba su samu ba."

"Da ka ce tirotuwar ranar, da mun tambaye ka mene ne shi. Turba ka ce."

"To ai ita ce Hausarsa. Haka ake faɗa ko'ina, har a rediyo."

"Wadda ta ratsa gonar fa? Ita na tambaye ka."

Ya ware taswirarsa ya duba, kamar zai same ta a ciki. "Wannan ai ba hanya ba ce, Hajiya. Sawu ne kawai. Ba a sa sawu a tsari."

Sawu ne kawai! Na tambaye shi shi ɗan ina ne. Ya ce haifaffen nan ne, kakarsa ma tana ƙauyen Droum har yanzu. Na ce to in ya je gaishe ta, ya gaya mata abin da take bi zuwa rijiya sawu ne kawai, ya ji amsar da za ta ba shi. Dariya ya yi, wai Hajiya akwai ban dariya, ci gaba dole ya zo da 'yan sauye-sauye, a yi haƙuri. Har yau ban san ko da gangan ya yi mana wasa da kalmar don taro ya watse lafiya ba, ko kuwa da gaske a kansa turba da dakalin gefen titi abu ɗaya ne. In na farko ne, mayaudari ne. In na biyu ne, ya fi ba ni takaici, don yana nufin yaron da aka haifa a garin nan ya yi karatu har ya manta abin da ƙafar kakarsa ta sani. Ko wanne ne, ban yafe ba tukuna.

Alhajin mai katanga kuwa ban ma samu ganinsa ba, kullum yana kan hanya. Ta bakin ƙaninsa na aika roƙo, a bar mana ɗan tsagi a gefen katangar, daidai faɗin mutum ɗaya, mu za mu ɗauki nauyin aikin. Amsar da ta dawo ita ce, in aka bar tsagi mutane za su mayar da shi juji da wurin fitsari, kuma filin da aka tsaga darajarsa faɗuwa take yi. Mai unguwa ya ce shi abin ya fi ƙarfinsa, takardu sun riga sun fita. Kuma kada a ɗauka wani gini aka yi a ciki. Na sha leƙawa ta jikin ƙofar ƙarfen, ba komai sai tumfafiya da ledojin da iska ta kwaso. An dai ajiye wurin ne yana jiran ya yi tsada.

Da muka rasa yadda za mu yi, surukar Yaya ta kawo dabara. Ta ce Inna ta shigo a ɓoye tun kafin a fito da Yaya, ta laɓe a lungun ƙofar baya, in an zaunar da ita sai ta buga ƙofar ta yi kira kamar daga waje take. Muka yi hakan. Tsohuwa mai furfura ta matse a tsakanin bango da randa, da kwano a hannu, tana jira kamar mai wasan ɓuya. Ta ƙwanƙwasa ƙofar, ta ce, "Yaya, kin tashi?" Yaya ta zabura ta kurma ihu, wai ɓarawo a bayan randa. Muryar ta yi mata kusa, ba ta taho daga nesa ba, ba ta ga kowa ya ɓullo ba. Sai da aka daɗe ana lallashinta. Inna ta fito, ta ce kada a sake sa ta tsorata yayarta.

Ba ta daina zuwa ba. Amma zuwan sau biyu a rana ya koma sau ɗaya, gwiwar ta kumbura ya koma ranar da ta iya. Babur ba ta hawa, tsoronsa take ji tun ranar kunun, sai in an samu mai keke mai ƙafa uku ya yarda ya shiga yashin unguwar. In ta je, baƙuwa ce. Yaya ta saba da ita a hakan, har tana cewa baiwar Allahn nan tana da kirki, ta karɓi loma biyu ko uku daga hannunta don kara, sannan ta rufe baki. Doguwar matar nan ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Duk wunin tana fuskantar ƙofar baya.

Zuwanmu na ƙarshe kafin Yaya ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, da hantsi ne. Inna na ba ta kunu a cokali, ni ina zaune gefe. Ta sha kaɗan, sai ta riƙe hannun Inna, ta matso da kai kamar mai faɗin asiri.

"Baiwar Allah, ke da kike shiga gari, ko kin san ƙanwata? Auta. 'Yar gajera haka, ba ta da yawan magana."

Inna ta ajiye cokalin. "Na san ta."

"To don Allah in kin gan ta ki tambayar mini ita, me na yi mata? Ta daina zuwa. Kullum ina nan ina duba hanya." Ta murza hannun. "In wata magana ce na faɗa, ai ta san bakina, tun tana goye a bayana haka nake. Ki ce mata kunun nata ba shi da laifi, tsokanarta kawai nake yi. Ki ce ta yafe mini ta zo."

Inna ta matso kusa da ita. Ta sa gefen mayafinta ta goge wa Yaya baki, a hankali, ta daɗe tana gogewa ko da ba abin da ya rage a wurin.

"Zan gaya mata," ta ce.

"Ki ce kada ta tsaya zagaye, ƙafarta ba lafiya. Ta biyo ta turba, ta fi kusa."

"To," in ji Inna. "Zan ce ta biyo ta turba."